An bar mini sabar imel ɗin kamfani a Apapa, me zan riƙa dubawa kullum?

Wani ƙanena da ke aiki da wani kamfanin fitar da riɗi da zoɓo da citta a Apapa ya turo mini tambaya. Mai kula da kwamfutocin ofishinsu ya samu hanya ya tafi waje, ya bar masa takarda guda ɗauke da kalmomin sirri, da wata baƙar na'ura a ƙarƙashin teburin akanta, aka ce masa ita ce sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙun kamfanin. Ma'aikata wajen arba'in ke da akwati a cikinta, tsarin Ubuntu ne a kai, da Postfix mai aikawa da karɓar saƙo, da Dovecot mai ba ma'aikata damar buɗe akwatinsu. Ga abin da ya ce: "Yaya, wata biyu ke nan ba wanda ya kawo ƙara, ni ma ban taɓa ta ba. Me ya kamata in riƙa yi mata kullum? Ko in ce da Alhaji mu tattara mu koma Google kawai?"

Ƙanena, a duk saƙonka shirun nan na wata biyu ya fi tsaya mini a rai. Janareto idan ya mutu kowa zai sani, fanka ta tsaya, zufa ta karyo. Imel ba haka yake ba. Ma'aikaci ya maƙala takardun kaya, ya danna aikawa, ya ga saƙon ya ɓace daga gabansa, ya miƙe ya tafi sallar azahar hankalinsa kwance. Saƙon kuwa yana nan zaune a cikin na'urar da ke ƙarƙashin teburin, bai je ko'ina ba. Can a Mersin ta Turkiyya mai saye yana jira, riɗi ya iso tasha yana cin kuɗin zama, shi yana ganin ku kuka yi sakaci, ku kuna ganin shi ya yi shiru. Kafin maganar ta iso kunnenka an yi kwana uku, kuma da faɗa za ta iso. Saba tana faɗin ciwonta tun da wuri, sai dai a rubuce take faɗa, a inda ba mai leƙawa sai wanda aka ɗora wa aikin. Minti ashirin kowace safiya sun isa, in dai ka san inda za ka duba.

Kafin mu zo kan na kullum, akwai aikin da za ka gama a makon nan. Bincika da sunan wa aka yi rajistar sunan kamfanin na intanet, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshinku, da ranar da zai ƙare, da akwatin da ake aika wa tunatarwar biya. Idan mai ƙarewa da .ng ne, NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, ke riƙe da rajistar, amma ta hannun dillalan da ta amince da su ake biya. Nemo wane dillali ne, ka tabbata kana iya shiga asusun. Na sha ganin kamfani mai juya miliyoyi wanda sunansa na intanet yake hannun wani yaro da ya yi musu shafi shekaru da suka wuce, tunatarwa na zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da wa'adi ya cika, sabar lafiyarta ƙalau, fitilunta na ƙyalƙyali, amma duniya ta manta hanyar gidanku. Haka nan asusun DNS, inda aka rubuta wace na'ura ke karɓar wasiƙun kamfanin. Kalmomin sirrin da ke kan takardar nan kuma canja su yau. Ba zargin wanda ya tafi nake yi ba. Takarda ce, ba ka san idon wa ya faɗa kanta ba.

Da safe, kafin shayinka ya huce, layi za ka fara dubawa, wato jerin saƙonnin da ke jiran fita. Rubuta umarnin mailq a kan sabar. Idan ta ce ba komai a layi, madalla. Idan ka ga saƙo biyar ko goma, karanta dalilin da aka rubuta a ƙarƙashin kowanne. Idan ka ga ɗaruruwa, ajiye kofin.

Dalilan nan da lambobi suke zuwa, kuma lambar farko ce ke ɗauke da maganar. Tun 1982 da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wadda saba ke bi wajen miƙa wa juna saƙo, haka abin yake: 250 na nufin "na karɓa", duk wadda ta fara da 4 na nufin "ba yanzu ba, dawo anjima", wadda ta fara da 5 kuwa "kar ka dawo". Kamar ka je karɓar bashi ne, a ce maka maigidan ya fita, ko a ce maka ya tashi daga unguwar. Idan aka ba Postfix amsa mai 4, sai ta riƙe saƙon ta riƙa sake gwadawa, da farko bayan minti biyar, tazarar na ƙaruwa har ta kai sa'a guda da 'yan mintuna, ta yi ta fama har kwana biyar kafin ta haƙura ta mayar wa mai shi. Ka ga ke nan ma'aikaci na iya shafe kwana biyar cur yana zaton saƙonsa ya isa. Akwai saitin da ke sa ta gargaɗi mai aikawa idan saƙonsa ya daɗe a layi, sunansa delay_warning_time, kuma a kashe yake zuwa. Kunna shi, ka sa masa sa'a huɗu. Layi guda ne a cikin fayil, amma ya raba ni da rigima fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Masu 5 ɗin nan take suke dawowa akwatin mai aikawa, cike da turancin inji, kuma yawancin ma'aikata gogewa suke yi ba su karanta ba. Koya musu su riƙa turo maka. 550 5.1.1 na nufin adireshin babu shi, kusan kullum harafi ɗaya aka ci wajen rubutawa. 552 yawanci ko akwatin mai karɓa ya cika ko saƙon ya yi nauyi. A irin sana'arku wannan na nauyi shi zai fi damunka, saboda akawu zai ɗauki takardar jirgi da takardar lafiyar amfanin gona da rasitai ya yi musu hoto mai launi, kowane shafi kamar za a buga kalanda. Postfix na zuwa da iyakar kusan megabayit 10, Gmail kuma iyakar abin da yake bari a maƙala a aika 25. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, fayil idan aka maƙala shi a imel yakan kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka mai megabayit 20 ya kan zama wajen 27 a hanya. Je ka rage ƙarfin na'urar ɗaukar hoton takardun ofis, ka mai da ita baƙi da fari. Rabin ƙorafin zai mutu.

Bayan layi sai rajista, wato littafin da saba ke rubuta duk abin da ya faru, tana /var/log/mail.log. Ranar da Alhaji ya kira ka ya ce "na aika wa mutumin nan tun jiya, ya ce bai gani ba", kar ka yi rantsuwa, kar ka kare kanka. Tambaye shi adireshin da lokacin, ka nemo da umarnin bincike na grep. Kowane saƙo yana da lambar shaida da ke bin sa tun shigarsa har fitarsa, kuma a layin ƙarshe za ka ga ɗayan uku: sent, deferred ko bounced. Idan sent ce, kuma sabar can ta amsa da 250, to saƙon ya shiga gidansu, sai su duba kwandon shararsu. Kwafi layin ka tura wa Alhaji ya tura musu. Magana ta ƙare. Ka lura da agogo kawai: saba da yawa a kan agogon duniya na UTC suke, Legas kuma ta fi shi da sa'a guda, kar ka je kana neman saƙon ƙarfe goma a layukan da ba nasa ba.

Sai faifan ajiya. Rubuta df -h, ka duba kason da ya cika. Ni da zarar ya haura kashi 80 cikin 100 na fara neman abin da ke cinye shi, domin idan wuri ya ƙare Postfix daina karɓar saƙo take yi, ta riƙa amsa wa duniya da 452. Sau da yawa akwati biyu ko uku ne ke riƙe da rabin faifan, kuma ɗayansu na maigida ne, cike da bidiyon biki da na wa'azi da aka yi ta turo masa. Dovecot na iya sa wa kowa iyaka. Sa wa kowa, shi kuma ka je da kanka cikin ladabi ka nemi izinin kwashe tsofaffin zuwa wata ma'ajiya. Ka kuma zagaya ka ga waɗanda Outlook ɗinsu ke kan POP. Wannan tsarin kwashe wasiƙu yake yi daga saba ya zuba a kwamfuta ɗaya, in ba a ce masa ya bar kwafi ba. Ranar da aka fasa gilashin mota a cunkoson Mile 2 aka ɗauke jakar, wasiƙun shekara biyar sun tafi tare da ita. Mai da kowa kan IMAP, tsarin da ke barin wasiƙu a kan saba.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sa nake duba layi ko ranar Lahadi ce. Wata shekara, bayan hutun Babbar Salla, na shiga wani ofis da nake kula wa a Ikeja, na tarar da saƙonni dubbai a layi, ba ko ɗaya da na san mai karɓarsa. Na buɗe rajista, sai ga sunan akwati guda yana maimaituwa a gaban sasl_username, inda ake rubuta akwatin da ya shiga ya aika, layi bayan layi, daga lambobin ƙasashen da ba mu da ko abokin ciniki ɗaya. Akwatin wani dattijo ne mai kula da sito, mutumin kirki, wanda a wata bai fi ya aika saƙo uku ba. Ana gobe hutu aka turo masa wasiƙa cewa akwatinsa ya cika, ya danna nan ya sa kalmar sirrinsa don a ƙara masa wuri. Ya sa. Kwana huɗu muna cin nama, sabarmu na raba wa duniya tallar ƙarya da sunan kamfanin. Ba wanda ya fasa katanga. Da mabuɗi aka shigo. Kafin mu dawo lambar IP ɗinmu, wato adireshin sabarmu a intanet, ta shiga baƙin littafin Spamhaus, masu lissafa sabar da ke aika shara, wasiƙun gaske na dawowa da 554.

In ka wayi gari da irin wannan, ga yadda ake bi. Fara da canja kalmar sirrin akwatin, ka kori duk wanda ke ciki. Sannan ka daskarar da layin gaba ɗaya da postsuper -h ALL, don kada ƙarin shara ta fita. Kar zafin rai ya sa ka goge komai da komai. A cikin tarin nan akwai takardun kuɗi na gaske da mutane ke jira. Tace na wannan akwatin ka goge, ka saki sauran. Sai ka gama wannan za ka je shafin Spamhaus ka nemi a cire ku. Cirewar kyauta ce, duk wanda ya ce ka biya shi ya fitar da ku ɗan damfara ne. Kuma kar ka nema kafin ka toshe ramin, don in suka cire ku shara ta ci gaba da fita, mayar da ku za su yi. Fita daga baƙin littafi ma shi ne mai sauƙin. Gmail da Outlook suna da nasu lissafin na mutuncin kowace lamba, mu sai da muka yi makonni wasiƙunmu na faɗawa kwandon shara kafin a sake yarda da mu. Tun daga lokacin ba na barin saba ba tare da iyakar adadin saƙon da akwati ɗaya zai iya fitarwa a sa'a guda ba, da fail2ban mai rufe ƙofa ga duk lambar da ta yi ta cankar kalmar sirri, da tantancewa mai mataki biyu a shafin buɗe wasiƙu. Duba lambarku a shafin MXToolbox, mai nuna ko kun shiga baƙin littafi, kuma ya shiga cikin aikin safe. Daƙiƙa talatin ne.

Wancan ɓarawon mai surutu ne, shi ya sa aka kama shi a kwana huɗu. Wanda nake tsoro a kamfani irin naku mai shiru ne. Ya samu kalmar sirrin akanta ko ta mai kula da fitar da kaya, ba zai aika ko saƙo ɗaya ba. Zai sa doka a ɓoye cewa duk wasiƙar da ta shigo a tura masa kwafi, ya zauna yana karatu, ya koyi yadda kuke gaisuwa, ya san wane mai saye ne ke shirin biyan kuɗin kwantena nawa na zoɓo. Ana saura kwana biyu a biya, sai mai sayen ya samu wasiƙa mai tambarinku da sa hannunku, wai asusun kamfani na ƙarƙashin bincike, a tura kuɗin wannan sabon asusun. Wani lokaci daga akwatinku take fita, wani lokaci daga sunan da aka ƙera ya yi kama da naku, an sa r da n a jere a madadin m, ido ba zai raba ba a allon waya. Don haka kowane mako ka duba dokokin turawa na kowane akwati, da na Sieve, mai tace wasiƙu a Dovecot, da na fayil ɗin aliases, mai juya wasiƙar wani adireshi zuwa wani, duk wadda ke kai wasiƙa waje ka tambayi mai akwatin baki da baki. Maganin da ya fi wannan ƙarfi kuma ba a cikin na'ura yake ba: Alhaji ya sanar da duk abokan cinikinsa cewa kamfanin ba ya canja lambar asusu ta imel, duk wanda ya ga haka ya kira tsohuwar lambar wayar da ya sani. Ku ma haka za ku yi wa masu kawo muku kaya daga Kano da Jigawa da Kaduna. In ƙaddara ta riga fata, banki ake fara kira a cikin sa'ar, sannan EFCC. Idan kuma bayanan mutane sun fita ta yadda zai iya cutar da su, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani sa'a 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC.

Akwai rubutu uku a DNS da dole ka san halin da suke ciki. SPF jerin na'urorin da kuka yarda su aika wasiƙa da sunanku ne. DKIM hatimi ne da saba ke buga wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da kuka wallafa. DMARC kuma umarninku ne ga duniya kan abin da za a yi da wasiƙar da ta zo da sunanku amma ta faɗi waɗancan biyun. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ɗaure wannan: kowane mai aikawa sai yana da aƙalla SPF ko DKIM, mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail kuwa sai da duka ukun. Ba ku kai wannan adadi ba, amma ka sa duka. In ka ga Gmail na dawo da wasiƙa da 550 5.7.26, nan za ka duba. DMARC ka fara da p=none, wato a sa ido kawai kar a taɓa saƙo, ka yi wata guda kana karanta rahotannin da za su riƙa zuwa; a nan za ka gano cewa manhajar lissafin kuɗi ko shafin kamfanin ma suna aika wasiƙa da sunanku ba wanda ya faɗa maka. Sai ka shigar da su sannan ka matsa zuwa quarantine, a jefa a kwandon shara, daga baya reject, a ƙi karɓa sam. Wanda ya yi tsalle ya fara da reject, rasitan kamfaninsa zai fara kashewa. SPF kuma ba ya jure fiye da bincike 10 na DNS, kar ka yi ta cusa masa suna. Na huɗunsu shi ne PTR, wanda ke mai da lambar IP zuwa sunan sabarku. Wannan ba a hannunka yake ba, kamfanin da ya ba ku intanet ne zai sa, sai ka rubuta musu, kuma ka bi sawu.

Satifiket ɗin ɓoye zance, in na Let's Encrypt ne, kwana 90 yake yi. Manhajar Certbot na sabunta shi da kanta, amma Postfix da Dovecot sai an sake loda su kafin su ɗauki sabon, kuma tun Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aiko da tunatarwar ƙarewa. Rubuta ranar a kalandarka. Duba kuma wace Ubuntu ce: 18.04 tallafinta na kyauta ya ƙare a 2023, 20.04 a Mayun 2025. In ɗayansu ce, kana tuƙa motar da aka daina yi wa kayan gyara. Facin tsaro kuma kar ya wuce mako bai hau ba. Masu Exchange, manhajar sabar imel ta Microsoft, sun ga aya a Maris 2021, lokacin da aka yi ta shiga dubban saba a duniya ta wata kafa kafin masu su su ɗora facin da Microsoft ta fitar. Babban sabuntawa dai ba a yin sa ranar Litinin da safe, ba a kuma yin sa da yammacin Juma'a a kama hanyar Agege.

Mu zo kan teburin akanta. Wuta in ta ɗauke na sa'a biyu ko uku wasiƙun da ake aiko muku ba sa ɓata, sabar masu aikawa riƙewa suke yi su sake gwadawa. Amma haƙurin kowa da iyakarsa: na Microsoft 365 sa'a 24 ne. Idan ana kashe janareto ranar Asabar da rana a kunna Litinin, duk mai sayen da ke kan Microsoft wasiƙarsa ta koma masa, kuma ba zai ɗauke ku da daraja ba. Ɗaukewar wuta farat ɗaya kuma ita ke lalata faifai, don haka UPS ɗin, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ya zama mai iya gaya wa saba ta kashe kanta a tsanake in batir ya kusa ƙarewa. Zare filogi ka gwada, batirin UPS a zafin Legas ba ya daɗewa. Ɗaga na'urar daga ƙasa kafin ruwan Yuni da Yuli, ka san yadda titunan Apapa ke komawa. Ga iskar gishiri mai cin ƙarfe, ga mai shara da ke neman soket. Layin intanet ma guda biyu ake so daga kamfanoni daban. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, kowa ya ga abin da dogaro da hanya ɗaya ke jawowa.

Kwafin ajiya: uku ake so, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan da ke jone da sabar dare da rana ba kariya ba ne, gobara ko masu kulle fayiloli su nemi fansa tare za su tafi da su. Kowace safiya ka duba ko na daren jiya ya kammala, da girmansa. Kwafin da jiya yake gigabayit 200 yau ya koma 2, ƙarya yake yi ko da ya ce ya yi nasara. Sau ɗaya a wata kuma ka zaɓi akwati guda ka dawo da shi a wata na'ura, ka buɗe wasiƙa ka karanta da idonka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa da /etc/postfix da /etc/dovecot da mabuɗan DKIM, mutane na mantawa da su.

Wani abu kuma da ba a rubuta a littafin kowace manhaja ba: kana iya karanta wasiƙar kowa a ofishin nan, har ta Alhaji. Amana ce. Wata rana wani manaja zai ja ka gefe ya ce ka ɗan leƙa masa akwatin wane. Ce masa ya kawo a rubuce daga mai kamfanin, ka adana takardar. Ma'aikaci in ya bar aiki, ranar ake rufe shigarsa, a juya wasiƙunsa ga magajinsa, akwatin kuma a adana kar a goge. Ka roƙi mai kula da ma'aikata ya riƙa faɗa maka kafin a miƙa wa mutum takardar sallama, ba bayan mako biyu ba. Akwatin da mutum biyar ke shiga da kalmar sirri ɗaya, irin su info da sales, raba shi, kowa ya shiga da nasa.

Batun komawa Google ko Microsoft kuwa, ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Kamfani mai mutum arba'in, mai ma'aikacin kwamfuta guda wanda shi ne kuma mai gyara firinta, mai karɓar kuɗin waje bisa abin da aka rubuta a imel, bai kamata sabarsa ta zauna a ƙarƙashin tebur ba. Sai dai kuɗin waɗancan kan kowane mutum ne kowane wata, kuma farashin na bin dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ninka da arba'in, ka ninka da goma sha biyu, ka ajiye a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ka sa man dizal na ƙarshen mako, da batura, da faifai, da lokacinka, da asarar kwantena ɗaya da aka biya wa ɓarawo. Akwai kuma hanyar tsakiya: a kai na'urar ɗakin ajiye saba, Legas na da su, irin su Rack Centre a Oregun, inda wuta da sanyi da layi ba matsalarka ba ne, ko a yi hayar saba, amma ka fara tambaya ko suna buɗe ƙofa ta 25, wadda saƙo ke bi daga saba zuwa saba, don da yawansu a rufe suke ba da ita. Ko da kun koma Google, layi da faifai da faci ne kawai za su sauka daga wuyanka. Kalmar sirrin da aka sace, da dokar turawa ta ɓoye, da sunan da wa'adinsa ya ƙare, duk za su bi ku can.

Kar ka kai wa Alhaji maganar yanzu. Yi wata guda kana duban safe, kana rubuta abin da ka gani a littafi, ranar kaza layi kaza, faifai kaza, wuta ta ɗauke sa'a kaza. Ɗan kasuwa ne, da littafin za ka fi shawo kansa. Gobe in Allah ya kai mu ka turo mini abin da mailq da df -h suka nuna, da lambar Ubuntu ɗin, amma ka rufe adireshin mutane kafin ka ɗauki hoton.